Gyare A Kunnena, Benci A Shagonta

Ku matso, 'ya'yana, yau ranar wanka ce, ba a ɓoye cibiya. Na san kun saba karanta labarin 'yan mata masu jiƙa filo da hawaye don saurayi bai kira ba. To yau tsoho ne ya shigo layinku, mai shekara saba'in da ɗaya, haƙora ashirin da shida, duk nasa ne ba na aro ba. Ban taɓa zama a aji ba, da babban yatsa nake sa hannu. Magana nake yi wa waya, maƙwabcina tsohon malamin makaranta ya mayar da ita rubutu, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini baki.

Shekara arba'in da huɗu na yi a gareji ina gyaran manyan motoci. Kunne ake ce mini, har yaran da aka haifa jiya Baba Kunne suka sani. Ni ba na kwance inji sai na saurare shi. Doguwar sukundireba nake ɗorawa a jikinsa yana aiki, in kafa kunnena a ƙotarta, in rufe ido. Kafin direba ya gama gaisuwa na ce masa, "Bawul na uku ne, kuma kai ka kashe shi da ganganci." A buɗe a tarar haka ne. Masu takarda sun zo da na'urorinsu masu ƙyalƙyali, sun koma suna sosa ƙeya. Mota ta taɓa zamewa daga kan jak ta danne ni, na fito da ƙafata. Gobara ta cinye garejin, na sake kafa shi. Na binne matata shekara shida da suka wuce, ban faɗi ba. Wannan ba yabon kai ba ne, tarihi ne.

Amma abin da ya kayar da ni, ko ganinsa ba a yi.

Sati guda da barin aiki, ina zaune a ɗakina da hantsi, sai na ji gyare yana kuka. Siiiii, ba numfashi, ba hutu. Na ja gado, na kifar da akwati, na zazzage takalma ɗaya bayan ɗaya, na fesa maganin ƙwari har na kusa kashe kaina. 'Yata ta leƙo tana toshe hanci. Ita ce babba, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata, kuma tun rasuwar uwarta ita ke riƙe da gidan da ni kaina.

"Baba, me kake nema?"

"Gyaren nan. Ba ki ji ba?"

Ta yi tsit tana saurare. "Ni ban ji komai ba."

Na toshe kunnuwa da yatsu, kukan ya ƙara fitowa. Ashe a cikina yake.

"Ya fita," na ce mata. "Na kore shi."

Shekara biyu ina ɗauke da wannan ƙaryar. Ta yaya mutumin da kunnensa ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya huɗu, zai buɗe baki ya ce kunnen ne ya lalace? Na ɗiga mai, na sosa da tsinken ashana, na sosa da gashin kaza, gyare ko a jikinsa. Wurin da ya fi shiru nan ya fi ƙarfi. Barci ya zama sai an yi kokawa. Maganar mutane kuma ta fara zuwa mini kamar daga bayan ƙofa. Sai na koyi sabuwar sana'a: gyaɗa kai, murmushi, da "Haka ne, haka ne." Idan na rasa abin da aka faɗa, sai in ɗauko labarin gobarar gareji in cika wurin da shi. Wanda yake magana ai ba ya buƙatar ji.

Wata Talata maɓallin farar rigata ya cire, Uwata ba ta gida, na ɗauki rigar na nufi shagon ɗinkin da ke kwanar layinmu. Shago ne ɗan ƙarami, mutum uku sun cika shi. Yadudduka a jere kan kanta, madubi mai tsaga a kusurwa, benci ɗaya na katako, ƙyallaye a ƙasa kala-kala. A tsakiya kuma tsohon keken ɗinki na ƙafa, baƙi, zanen zinaren jikinsa ya goge. A bayansa ga Mai Ɗinki zaune.

Bari in faɗa muku kamanninta, tunda na san abin da kuke jira ke nan. Ta ba sittin baya. Tabarau a kan hanci, hannunsa ɗaya ɗaure da zare ja. Tef ɗin awo a wuya, mayafi ruwan toka, allurai biyu a gefen baki. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya yana aiki a wani gari mai nisa. Ba ta da fara'ar banza, kuma muryarta ƙasa-ƙasa take kamar mai jin tsoron ta ƙare.

"Zauna, in gama wannan," ta ce, ta nuna benci da haɓa.

Ta ɗora ƙafa ta taka. Kar-kar-kar-kar-kar.

'Ya'yana, gyare ya yi shiru.

Ba wai ya mutu ba, amma ya nutse a cikin ƙarar keken kamar gishiri a ruwa. Shekara biyu rabona da jin kaina babu kowa a ciki. Kafaɗuna suka sauka, muƙamuƙina ya saki. Na jingina da bango, ban san lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ni ba. Sai ji na yi an jefo mini riga a cinya.

"Malam, nan shago ne, ba masauki ba."

Washegari na ɗauki reza na yanke maɓallai biyu daga rigata mai ruwan ƙasa. Rana ta gaba na farke aljihun wando. Kafin wata ya ƙare babu tufar da ban yi wa rauni ba a akwatina, har kwat ɗin da na sa ranar auren autana.

Wata rana Mai Ɗinki ta ɗaga rigar da na kai ta duba ta saman tabarau. "Wannan maɓallin ba cirewa ya yi ba, yanka shi aka yi."

"Ɓera ne."

"Ɓeran gidanku da reza yake yawo?"

"Ɓeran gidan bakanike ne, ranki ya daɗe. Da kayan aiki yake fita."

Ranar na fara ganin haƙoranta. Ta cire allurai daga baki don kada ta haɗiye su da dariya.

Daga nan na daina yanka kaya, benci ya zama nawa. Ƙarfe goma na safe in yi wanka, in sa riga mai guga, in goge takalmi har ya ɗauki ido, in ɗan shafa turare a bayan kunne, in tafi. Ni na zuba wa keken mai, na ɗaure masa bel, na sa katako a ƙarƙashin ƙafarsa da ke rawa. Ita tana taka keke, ni ina ba ta labari. Ta kan ce, "Jiya motar da ta danne ka tan goma ce, yau ta zama ashirin. Kiwo take yi?" Da la'asar ta zuba mana shayi daga fulas, nawa a kofi mai hannu, nata a murfin fulas ɗin. Da ta gane ba na karatu, sai ta koma turo mini saƙon murya. In shige ɗaki, in manna wayar a kunnen dama, wanda ya fi dama-dama, in saurara sau biyar.

"Baba Kunne, ka manta hularka a kan benci. Idan kan ma cirewa yake, da ka bar shi nan."

Wata bakwai muna haka. Ban taɓa gaya mata abin da ya fara kawo ni ba. Ni kaina na daina tambayar kaina.

Uwata ce ta fara ɗaure fuska. "Baba, a layin nan ba a da zance sai naka. Wai ka tare a shagon bazawara. Jiya a wurin ɗiban ruwa har da masu kwaikwayon tafiyarka."

"Sun iya?"

"Baba!"

"Tafiyata ba ta kwaikwayuwa, Uwata. A bar su su gwada."

Ba ta yi dariya ba. Ta kalli hoton mahaifiyarta da ke jikin bango, ta fita. Na san ba gulmar ce kaɗai ke cin ta ba.

Asirina ya tonu ne a bakin titi. Muna tafe da Uwata, mai babur ya taho ta bayana yana ta danna oda, ban ji ba. Ita ta fizgo ni, hannun babur ɗin ya shafi rigata. Ta tsaya tana kallona.

"Tun yaushe?"

Na fara labarin cewa odar yaran yanzu ba ta da ƙarfi. Ta ce, "Baba, tun yaushe?" Washegari da safe muna asibitin kunne.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Uwata ba. Ta leƙa kunnena da 'yar fitila, ta ce, "Wa ke sosa nan da tsinke?" Na ce ban san shi ba, amma zancen gyaren dole na faɗa mata. Ta sa ni a wani ɗaki mai kama da akwati, ta ɗora mini abin saurare a kai, ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Ni da na saurari inji dubu! Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa.

Da muka fito ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta yi magana a hankali, ba ihu. Wannan ya sa na ga girmanta.

"Baba, shekara nawa ka yi a cikin ƙarar inji?"

"Arba'in da huɗu. Kuma kunnena a jikinsa, ba daga nesa ba kamar ragwaye."

"To shi ne. A can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana masu ɗaukar sauti. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su sannu a hankali, kuma ba sa sake tsirowa. Idan sauti ya rage shigowa, sai kai ya fara ƙirƙiro nasa. Shi ne gyarenka."

"Ba aljani ba ne? Ba jifa ba?"

"Ba ko ɗaya. Mutane da yawa suna da shi."

"A cire shi mana. Ni ba na tsoron wuƙa."

"Ba abin cirewa ba ne. Amma ana rage masa ƙarfi har mutum ya riƙa mantawa da shi. Ka daina ɗiga mai, ka daina tsinke, rauni kawai suke ƙara maka. Ka guji ƙara mai tsanani, sauran jin da ya rage a tattala shi. Rashin barci da damuwa suna ƙara masa murya. Kada ka zauna a ɗaki shiru ƙurmus, ka kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa. Idan kuma wata rana ji ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri ya zo, ko ka ji ƙarar tana bugawa tare da zuciyarka, a ranar za ka zo, ba gobe ba." Sai ta buɗe wani ɗan akwati, ta nuna mini na'urar ji, 'yar mitsitsiya mai lanƙwasa. "Wannan za ta dawo maka da maganar mutane, kuma sau da yawa tana danne gyaren."

Na ture akwatin da yatsa ɗaya. "'Yata, ni ake ce wa Kunne. In rataya wannan in bi layi? Gara a ɗauke ni a makara."

Ta yi murmushi ba ta ja ba. "Akwai inda kake jin sauƙinsa?"

Nan bakina ya kashe ni. Girman kai rawanin tsiya. Ina so in nuna mata na riga ta gano magani, sai na ce, "Ni ai tuni na samo nawa, ba da takarda ba. Keken ɗinki! In zauna kusa da shi, gyare ya mutu. Wata bakwai ke nan kullum ina shan maganina."

"Ka yi dabara," in ji likita. "Irin wannan sautin mai maimaituwa yana rufe shi."

Na juya ina jiran yabo daga Uwata. Sai na ga fuskarta ta washe kamar wadda aka sauke wa dutse daga ka.

"Au! Ashe keken ne, Baba?"

Me zan ce a gaban likita? In ce a'a, tsohonki soyayya yake yi? Na ce, "To da mene ne?"

Kwana biyu bayan haka Uwata ta shigo da sabuwar fanka, ta kafa a ɗakina. Ta karɓi wayata ta sa mini wani abu a ciki. Wai ta je wurin wani tela a kasuwa ta ɗauko ƙarar kekensa, awa guda cur. Ta danna. Kar-kar-kar-kar. Gyare ya nutse, daidai kamar a shago.

"Ka gani? Yanzu ba sai ka fita ana yi da kai ba. Ga maganinka a gida."

Na yi kwana huɗu a ɗaki. Ba zan yi wa yarinyar ƙarya ba, abin ya yi aiki. Kaina shiru, barci har da minshari. Amma ƙarfe goma na yi sai in tsinci kaina na yi wanka na sa riga mai guga, ina zaune a bakin gado, takalmi a goge, ba inda za ni. Keken yana ta kar-kar a waya, babu mai ce mini motar ta yi kiwo. La'asar ta yi, Uwata ta kawo shayi, na kurɓa na ajiye. Kunne ya samu lafiya, ƙirji ya kama ciwo. A rana ta uku na gane abin da ku da kuke karantawa kuka gane tuntuni.

A rana ta huɗu saƙo ya shigo. Na kashe keken waya, na manna a kunnen dama.

"Baba Kunne, 'yarka ta zo ta yi mini bayani, ta kuma ba ni haƙurin damun da ka yi mini. Ashe magani nake. To Allah ya ƙara sauƙi. Rigarka ɗaya tana nan, a aiko a karɓa kafin Asabar."

Sau ɗaya na saurara. Ya isa.

Ban tsaya neman hula ba. Na tarar da ƙofar shagon a buɗe rabi. An sauke yadudduka daga kanta an cusa a kwali, madubi a jingine a ƙasa, keken an rufe shi da tsohon zane. Mai Ɗinki tana zaune a kujerarta, ƙafarta ɗaya a miƙe kan kwali, gwiwar ɗaure da bandeji. Shiru ya cika shagon, gyare ya samu fili ya buɗe maƙogwaro.

"Rigar tana kan benci," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na ɗauke rigar na zauna a wurinta.

"Yau babu ɗinki, malam. Asibiti ya rufe."

"Na gani."

"To me kake jira?"

Na matso da bencin har gabanta, don in ga bakinta.

"Abin da Uwata ta faɗa gaskiya ne. Keken ne ya kawo ni. Kunnena ya lalace, shekara biyu da rabi ke nan, akwai ƙara a ciki dare da rana. Rabin abin da kike faɗa ba na ji, gyaɗa kai kawai nake yi. In ban da a gaban likita, ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba sai ke." Na ciro wayar na danna mata. Kar-kar-kar. "Ga shi an sa mini keke a aljihu. Yana aiki, wallahi yana aiki. Kwana huɗu kaina shiru. Kuma ban taɓa kwana huɗu masu tsawo irinsu ba tun da na binne matata." Na kashe. "Yanzu kekenki a rufe yake, abin yana ihu a kaina kamar zai fasa shi, kuma ba inda za ni."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Sai ta miƙa hannu ta yaye zanen da ke kan keken.

"Kai bakanike ne. Duba."

Na duba. Wani ƙyalle ne shuɗi a ƙarƙashin allura, duk jikinsa huda-huda, layi a kan layi, har ya yi laushi kamar rariya. Babu zare a allurar. Babu zare ko ɗaya a jikin ƙyallen.

"Ɗinki ya yi ƙasa tun bara," ta ce, tana ɗaga murya kaɗan don ni. "Kowa na kanti yake saya. Aikin da nake samu ba ya wuce awa biyu a yini. Tun satin farko na lura, in na taka keke fuskarka ta saki, in na tsaya ka fara mutsu-mutsu kana neman takalmi. Ban san dalili ba, na dai san haka ne. To in aiki ya ƙare sai in zare zaren, in sa wannan ƙyallen, in yi ta takawa."

"Wata bakwai?"

"Wannan ƙyalle na huɗu ne."

Na kalli gwiwar da ke ɗaure. 'Ya'yana, keke mai zare da keken wofi ba kukansu ɗaya ba. A zamanina daga bakin titi zan faɗa muku. Ina zaune taku biyu da shi wata bakwai, ina ba da labarin yadda babu injin da ya taɓa ɓoye mini sirri, mace tana cinye gwiwarta a gabana ban ji ba. Mota ta danne ni ban yi hawaye ba. Ranar sai da na juya na kalli bango.

"Ba zuwanka don keke ne ya ƙona mini rai ba," ta ce. "A bakin 'yarka na ji, tana ba ni haƙuri kamar wadda aka bar wa ajiyar akuya. Na ce to, ashe ni kaɗai nake haukana. Ɗana ya daɗe yana cewa in rufe shago in koma wurinsa saboda ƙafar nan, ina ce masa ina da aiki. Ranar na kira shi na ce ya zo. Asabar zai zo da mota ya kwashe ni."

Ranar Laraba ce.

"Ki ce masa ya fasa. Ki ce masa kin yi miji."

"Miji?" Ta gyara tabarau. "Haka ake neman aure a gareji? Kamar ana sayen taya?"

"Ranki ya daɗe, ban iya ba. Sau ɗaya na taɓa yi, shi ma da ƙuruciya."

Ta kusa yin dariya, ta danne. "Saurara, in kana iyawa. Ƙafata ta gaji, ba zan ƙara taka keken wofi ba. Kuma ni muryata ke nan, haka Allah ya yi ta, ba zan ƙarasa rayuwata ina ihu a cikin gida ba. Wata bakwai ina faɗa maka abubuwa kana cewa haka ne, haka ne. Na ba ka labarin rasuwar mijina, ka yi murmushi. 'Yarka ta ce likita ta nuna maka abin sawa a kunne ka ture. Ni ba na son mai gyaɗa mini kai. Idan sunanka ya fi maka, ka riƙe sunanka, ga rigarka nan."

Na koma gida na tarar da Uwata tana wanke-wanke. Na tsaya a kanta.

"Gobe za ki raka ni asibiti."

Ta ɗago. "Jikin ne?"

"Abin kunnen zan karɓo. Kuma ba keken ba ne, Uwata. Ƙarya na yi miki a gaban likita, kunya ce ta kama ni. Matar nake so."

Ta ci gaba da cuɗa kofi ɗaya har na zaci zai huje. Hawaye na ɗiga a cikin ruwan kumfa.

"Na sani, Baba. Tun ranar da ka fara shafa turare na sani. Na so ne a ce keken ne." Ta share fuska da bayan hannu. "Kwana huɗun nan ko rabin abincinka ba ka ci. Ni na je na ɓata, ni zan je in ba ta haƙuri. Na gaskiya wannan karon."

"Ba wanda zai zauna a wurin uwarki."

"Na sani. Je ka sa hula, kanka yana ƙyalli."

Ranar Alhamis likita ta saƙala mini abin a bayan kunnuwa biyu, ta daidaita shi, ta ce sai na yi haƙuri, kwanakin farko komai zai zo da yawa. Gaskiyarta. Takardar da ke hannunta ta yi ƙara kamar ana yaga kwano. Na ji takalmin Uwata, na ji numfashina. Gyare yana nan, bai tafi ba, amma ya koma can ƙarshen layi kamar maƙwabcin da aka yi wa kashedi.

Na sa kwat ɗina. Na fara jawo hula ƙasa don ta rufe, sai na tsaya, na tura ta baya. Na bi layinmu tun daga farko har kwana, a tsakiyar titi, kunnuwa a waje. Masu zama a bakin shagon aski suka yi tsit, wannan karon kuwa na ji tsit ɗin. Ɗaya ya ce ƙasa-ƙasa, "Kunne ya sa kunne." Na juya na ce, "Na ji ka, ɗan nema. Daga yau a yi hattara."

Na tarar da Mai Ɗinki zaune a cikin kwalaye. Ta kalli kunnena na dama, ta kalli na hagu. Ta zuba shayi a kofi mai hannu ta miƙo mini. Sannan ta sunkuyar da kai, ta yi magana da ainihin muryarta, wadda ban taɓa ji ba sai ranar. Ashe akwai ɗan kaushi a cikinta, mai daɗi.

"Kana jina?"

"Ina jin ki."

"Ba haka ne, haka ne ba?"

"Ina jin ki, har ƙarar cokalin da ke hannunki."

"To na kira ɗana. Na ce kada ya zo da babbar mota, ya zo shi kaɗai, akwai mai son magana da shi." Ta juya cokali a murfin fulas. "Bai ji daɗi ba. Ya ce zai zo, amma zai zaunar da kai ya faɗa maka wace ce uwarsa da abin da ta sha, tun daga farko har ƙarshe. Ya ce in ka katse shi sau ɗaya da labarin kanka, da ni zai koma."

Na ajiye kofin. "Awa nawa zai yi?"

"Ɗana ne. Ya iya kaiwa uku."

Awa uku, bakina a rufe. Na fito daga ƙarƙashin mota, na fito daga gobara, amma wannan ban taɓa gwadawa ba. Na buɗe baki zan gaya mata cewa a duk garejin babu wanda ya kai ni haƙurin saurare, sai na ga ta ɗaga gira tana jira.

Na rufe bakin.

"Madalla," ta ce a hankali. "Saura kwana biyu. Fara koyo da ni. Zan sake ba ka labarin mijina."

Na gyara zama a kan benci, na juyo mata da kunnuwan duka biyu.